Zuma a Bankin Mai Zabo

Daren da Baba Gide ya fara jin ƙarar, zafi ne ya koro shi tsakar gida da tabarmarsa. Ruwa ya ɗauke, dawa ta fid da kai, iska ta tsaya cak. Yana kwance sai ya ji wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar na mota mai nisa wadda ba ta isowa kuma ba ta wucewa. Ya tashi zaune, ƙarar ta ragu. Ya manna kunne da katanga, ta ƙaru. Katangar nan kuwa ita ta raba gidan hayar da yake zaune a Ƙanƙara da tsohon banki, wanda aka rufe wata bakwai da suka wuce.

Da safe unguwa ta ɗauka. Mamuda, maƙwabcinsa mai rumfar cire kuɗi a gindin bangon bankin, ya ce wani inji ne aka manta a kunne. Mata a bakin famfo suka ce gidan da ya daɗe a rufe ba ya rasa masu shigarsa. Baba Gide ya bari kowa ya faɗi nasa, sannan ya ce, "Zuma ce. Fifita take. In ta yini tana kwaso ruwan fure, da dare sai ta tsaya kan saƙa tana kaɗa fiffike har ya yi kauri."

Ya san abin da yake faɗi. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, kuma tun yana saurayi zuma ce sana'arsa. Amya arba'in da uku gare shi a kan ɗorawa da kaɗanya, kowace da sunan da ya sa mata. Shekara huɗu ke nan da mutanen daji suka hana shiga dajin, ya kwaso iyali ya dawo Ƙanƙara, ya bar amyoyin a rataye. Tun daga nan ba ya komai sai zama a inuwa yana kallon fara da ƙadangaru. Amya ɗaya tak ya saƙa bayan zuwansa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗora a kan darbejiyar ƙofar gida. Zuma ba ta ko leƙa ta ba. Tsaka ce ta tare a ciki.

Bankin kuma, mutanen gari ba su taɓa damuwa da sunansa na takarda ba. Hoton zabo ne a allonsa, sai suke ce masa Mai Zabo. Bara aka ji a rediyo wai ƙananan bankuna ba za su iya tsayawa su kaɗai ba, dole su haɗe ko a rufe su. Mai Zabo ya haɗe da wani babba da ake kira Mai Kwalekwale. Sabon allon da suka fito da shi babu zabo babu kwalekwale, wani lanƙwasasshen zane ne kawai da har yau ba a san ko mene ne ba. Aka ce reshen Ƙanƙara ba ya kawo riba, aka kwashe komai zuwa Funtuwa. Ramin bango inda injin cire kuɗi yake a da, aka toshe shi da katako. Ta wata 'yar kafa a gefen katakon nan zuma ke shiga da fita.

Baba Gide ya yini uku a gaban kafar. Baba Ɗanlahadi, maigadin bankin, wani dattijo Kirista mutumin Ƙetare, ya ba shi aron bencinsa.

"Sarkin Zuma, ajiya ka kawo ko cira za ka yi?"

"Kai dai Sarkin Gadi, wata bakwai kana tsaron gida, baƙi dubu ashirin sun shige ta gabanka ba ka gani ba."

"Ai ba su zo da bindiga ba. Aikina masu bindiga ne."

Baba Gide bai yi dariya sosai ba, idonsa na kan kafar. Zuma ce baƙa, ƙanana, masu zafin nama, irin ta dajin Sabuwa sak. Har ya fara raya wa ransa ko jikokin nasa ne suka biyo sawunsa. Ya san tafiyar ta yi wa zuma nisa, amma bai hana kansa tunanin ba.

Rana ta huɗu zuma ta harbi wata mata a rumfar Mamuda, fuskarta ta kumbura. Mamuda ya buga wa banki waya. Da yamma ya zo yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri, ni ban san haka za ta kasance ba. Sun ce ran Alhamis masu feshi za su zo daga Kaduna."

"Feshin mi?"

"Maganin ƙwari. Ni cewa na yi a kore ta kawai."

Ranar Litinin ce. Baba Gide ya juya wajen maigadi ya ce a buɗe masa ƙofa minti talatin, ya kwashe abarsa ya fita. Baba Ɗanlahadi ya zazzage aljihunsa, goro da usur suka faɗo.

"Waje aka ba ni, ba ciki ba. Da can, zamanin Alhaji Mas'udu na manaja, sai in leƙa ofis in ce mashi ga abin da ake ciki, shi miƙo mani makulli. Yanzu ni kaina ban san wa nake yi wa gadi ba. Wani kamfani ke biyana, shi ma wani ke biyan shi. Makulli dai na ji an ce yana Funtuwa."

Talata da sassafe Baba Gide ya shiga motar Funtuwa. Ya sa rigarsa ta sallah, ya saka wata 'yar kwalba a aljihu. Zumar ƙarshe ce da ya baro Sabuwa da ita, ta daskare ta yi fari, ba ya buɗe ta sai wani a gida ya yi tari.

Bankin Funtuwa ya cika maƙil. Ya ga mutanen Ƙanƙara, ya ga na Faskari, har da wasu na Sabuwa da suka baro gida tun asuba, duk a layi ɗaya da ya fito har bakin titi. Ƙofar gilashi ta rufe shi a ciki tana magana da Turanci, sai da ya ajiye wuƙar yankan saƙarsa ta sake shi. Yana tsaye yana waige-waige wata mata mai tabarau ta taso daga teburinta.

"Baba, ba kai ne na bayan katangarmu ba a Ƙanƙara? Mai ba mu ganyen zogale?"

Malama Hafiza ce, 'yar 'Yankara, wadda ta yi shekara shida tana karɓar kuɗi a Mai Zabo. Ta ba shi kujera, ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo wani aljihun tebur ta nuna masa. Ga makullai nan a ɗaure da jan zare.

"Ga su nan, Baba, amma ba ni da ikon ba ka. Manaja ma ba shi da shi. Gine-ginen da aka rufe duk suna hannun wani ofis a Legas. Sai an rubuta masu, su rubuta wa Kaduna, Kaduna ta rubuto mana. Wata biyu in an yi sauri."

"Makulli na nan, ƙofa na can, mai cewa a buɗe yana Legas."

"Haka abin ya koma."

Ya juya yana kallon ɗakin. Ido irin na mai zuma ba ya rasa abin lura. Ya ga ma'aikatan sun kasu biyu, waɗansu teburansu na gabas, waɗansu na yamma, kuma in takarda za ta tsallaka sai a ajiye ta a bakin tebur ba tare da an dubi juna ba.

"Ɗiyata, waɗannan da waɗancan faɗa suka yi?"

Ta rage murya. "Mu 'yan Zabo ne, su 'yan Kwalekwale. Mu goma sha ɗaya ne a Ƙanƙara, uku muka rage. Kowa na jin in za a sake ragewa ɗan uwansa ne zai ci kujerarsa. Ko abinci ba mu ci tare."

"To ai ba a turara ku ba," in ji Baba Gide. "Mu in amya biyu suka yi rauni muna so mu haɗe su, ba juye su muke kawai ba, sai su kashe juna kafin gari shi waye. Kowace amya da warinta. Hayaƙi ɗaya ake yi masu, a yayyafa masu ruwan zuma. Kafin su gama lasar juna wari ya zama ɗaya, ba mai gane baƙo."

Malama Hafiza ta yi dariya har ta cire tabarau. Tana mayar da shi sai ta tsaya, ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin tarin takardu, ta bi ta da yatsa.

"Dakata, Baba. Nan ba a rubuta a kashe ba. A kawar da ƙwari aka ce. Kuma ƙaramin aiki irin wannan manaja na iya ba ɗan gari, ba sai an tambayi Legas ba. Ba aron makulli za ka yi ba. Kwangila za a ba ka."

Manajan, Malam Abdulgafar, ɗan Kwalekwale ne, mutumin Ilori, mai Hausa a tsattsaye. Ya karanta takardar sau biyu, ya dubi tsohon, ya girgiza kai.

"Malama, ɗan kwangila sai da takardar shaidar ya iya aikin. Baba yana da ita? In zuma ta kashe mutum, ni za a tambaya."

Baba Gide ya ciro kwalbar ya ajiye a kan tebur.

"A'a, Baba, an hana mu karɓar kyauta."

"Ba kyauta ba ce, ranka shi daɗe. Shaida ka ce. Ni ban yi makarantar da ake ba da takarda ba, aji uku na yi aka cire ni. Wannan ita ce tawa. Ka duba ta."

Manaja ya dubi Malama Hafiza, ta kawar da kai tana danne dariya. Ya ɗauki cokalin shayinsa ya ɗan kankaro, ya sa a baki. Ya jujjuya ta a harshe.

"Wannan ta wane itace ce?"

"Ɗorawa, da ɗan kaɗanya daga baya-baya."

Ya sake kankarowa. Sannan ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, ya leƙa ƙofa ya kira akawunsa. Akawun ya kira na kusa da shi. Kafin a jima mutum bakwai sun taru a ofishin, na gabas da na yamma, suna miƙa wa juna cokali ɗaya, wani na cewa kakarsa na ba shi irinta a koko. Baba Gide na kallon zumarsa ta shekara huɗu tana ƙarewa, zuciyarsa na ɗan suya, amma bai hana ba.

Manaja ya sa hannu da sharaɗi. Masu feshi an riga an biya su, za su zo ran Alhamis ko ta yaya. In sun tarar da zuma a ginin, za su yi aikinsu. Baba Gide ya dangwala yatsa a inda aka nuna masa.

Laraba bayan la'asar Malama Hafiza ta sauka a Ƙanƙara da makullai a jaka. Baba Gide ya riga ya sauko da amyarsa, ya kori tsakar, ya sake turara ta. Mamuda ya rufe rumfa ya koma tsallaken titi. Baba Ɗanlahadi ya ce shi aikinsa waje ne, amma da aka buɗe ƙofa shi ya riƙe damin ciyawar hayaƙi ya bi bayansu.

Cikin bankin shiru, yanar gizo ko'ina. Kalandar bara na rataye da hoton zabo. Malama Hafiza ta tsaya a gaban tsohon teburinta ta share shi da gefen mayafi. Ta buɗe masu ɗan ɗakin da injin yake a da, ta ja da baya.

Saƙa tara ce, a jere a jikin katakon, farare sababbi, ta tsakiya ta kai tsawon hannu. Ƙamshi ya cika ɗakin. Baba Gide ya ɗaga wuƙa. Sai ya tsaya yana bin saƙar da ido, bai yanka ba.

"Sarkin Zuma, ko in kira masu feshin ne?"

"Busa hayaƙinka, kafirin surutu gare ka."

"Surutun ne kafiri ko ni?"

"Ku duka biyun. Busa."

Baba Gide ya yi dariya. Ya yi bisimilla ya fara yanka. Saƙar da ke da 'ya'ya ya jera ta a cikin amya, ya tokare da tsinke. Mai zuma zalla ya sa a roba. Ƙudan kuma ya riƙa ɗibarsu da tafin hannu kamar mai ɗibar gero, yana zubawa a hankali, yana yi masu magana ƙasa-ƙasa. Sun harbe shi a wuya da bayan hannu, bai ko duba ba. Abu ɗaya yake nema, uwar zuma, doguwar nan da duk gidan ke bi. In tana cikin amya, sauran za su zauna. In ta ɓuya a wata kafar bango, gobe da safe duk za su komo wurinta, masu feshi su same su.

Ya duba saƙa ta farko har ta tara, bai gan ta ba. Ya haska tocila a kusurwoyi, ya sa tsinke a tsagar siminti. Babu. Hasken taga ya yi ja, aka fara kiran magariba.

"An same ta, Baba?" Malama Hafiza ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Idona bai same ta ba. Ku yi shiru."

Ya rufe bakin amyar da faifai, ya durƙusa, ya manna kunne da ita kamar yadda ya manna da katanga a daren farko. Zumar da ta rasa uwa kuka take, siriri, mai hawa da sauka, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Da fari abin da ya ji ke nan. Ya ci gaba da saurare. Ƙafarsa ta yi sanyi, hayaƙi na sa shi hawaye. Can sai kukan ya fara kwantawa daga ƙasan amyar, ya yi kauri, ya bazu, har ya zama gunji ɗaya mai nisa, irin na motar da ba ta isowa kuma ba ta wucewa.

"Tana ciki," ya ce.

"Ka gan ta?"

"Na ji ta."

Sai an kai amya nesa, in ba haka ba zuma na gane hanyar tsohon gida. Baba Ɗanlahadi ya ce yana da ɗorawa biyu a gonarsa ta hanyar Ƙetare, kusa da gidaje, inda ba a fargaba. Bayan an yi sallah suka naɗe amyar da tsohon zane, Mamuda ya kawo babur ɗinsa da kansa, ya ce ko ba komai shi ya jawo. Baba Gide ya hau baya ya rungume ta a ƙirji, tana gunji a jikin haƙarƙarinsa har suka isa.

Alhamis da hantsi ya dawo ya zauna a benci yana kallon kafar katakon. Ƙuda biyar ko shida suka zo, waɗanda dare ya yi masu a waje. Suka shiga, suka fito, suka yi ta kewaya, sannan suka tashi sama suka ɓace. Bai ji daɗin wannan ba, amma ya san ba a kwashe gida kaf.

Masu feshi suka iso da azahar, su biyu, da tankuna a baya da takunkumi a fuska. Malama Hafiza ta buɗe masu. Suka duba ɗaki, suka ƙwanƙwasa katako, suka ɗauki hoton bango da waya don a tura Kaduna. Babbansu ya ga robar zuma a kan benci, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Baba Gide ya yanko masa saƙa guda ya ce ya kai wa yara.

Da motarsu ta tafi aka zauna a inuwar bango. Baba Gide ya cika 'yar kwalbarsa, ya cika wata ya ba Malama Hafiza ta kai Funtuwa, ya ce a sa a tsakiyar ɗaki, ba gabas ba, ba yamma ba. Ta ce ai tun jiya akawun manaja ke tambayarta ko za a samu ƙari. Ta kuma ce akwai rassa huɗu da aka rufe a wannan yanki, kuma maigadin ɗaya daga ciki ya taɓa yin ƙorafin wata ƙara a cikin silin.

"Wace irin ƙara?" Baba Gide ya tambaya, ya daina tauna.

"Zan tambayo maka."

"Ka ji," in ji Baba Ɗanlahadi. "Sarkin Zuma ya zama ɗan kwangilar banki. Saura mota."

"Saura ciyawar saƙa amya dai. Gobe za ka raka ni yanka, tunda ɗorawarka biyu ce, ɗaya na zaune banza."

Mamuda na gefe yana tsotsar kaki, zuma na bin gwiwar hannunsa. Ya ɗaga kai ya dubi inda allon bankin yake a da, inda har yanzu ana ganin inuwar zabo a jikin fenti.

"Wai ni kam Baba, zumar nan da muke sha, ta wa ce? Ta Mai Zabo ce, ko ta Mai Kwalekwale, ko ta waɗannan sababbin da ba su da dabba?"

Malama Hafiza ta saka kwalbarta a jaka. Baba Ɗanlahadi ya miƙa hannu cikin roba. Baba Gide kuwa ya karkata kai wajen hanyar Ƙetare, kamar mai sauraren wani abu.